Ra'ayi: Kafin ka sayi ril na fatsa a ruwan gishiri, daina ƙirga boris

Duk wanda ya taɓa sayen waya don kawai an rubuta megafiksel 108 a jikin kwali, ya ɗauki hoto da daddare ya ga fuskoki kamar an watsa musu toka, ya san cewa lambar da 'yan talla suka fi kambamawa ba lallai ita ke yin aikin ba. Wannan darasin ya wuce kasuwar waya. Yau za mu ɗauke shi zuwa bakin teku, mu duba na'urar naɗe zare da ake ɗaura wa sandar fatsa, wadda masu sayar da ita ke kira ril.

Wani zai ce me ya haɗa shafin fasaha da kamun kifi. Abin da ya haɗa su shi ne wayar da ke hannunka. Matasanmu da ke zaune a Legas, Fatakwal, Akra, Tema, Duwala, Fot Sudan da Jidda suna ganin bidiyon masu fatsa a TikTok da YouTube, sha'awa ta kama su, su buɗe AliExpress ko Jumia ko Jiji su yi oda. A nan ne ake cin kuɗin mutane, domin ril ma na'ura ce mai jerin lambobi kamar waya, kuma akwai lambobin da aka ƙirƙira don su ruɗi ido.

Ra'ayina a taƙaice: in a teku ko a mashigar kogi za ka yi fatsa, abubuwa uku ne za su raba maka gardama, wato yadda ril ɗin ke jure gishiri, yadda birkinsa ke sakin zare, da ko za ka iya kwance shi ka gyara a inda kake. Sauran lambobin duk suna bayan waɗannan.

Gishiri ba sa'an ƙarfe ba ne

Wanda ya saba jefa ƙugiya a madatsar Tiga ko Kainji ko a kogin Kwara zai iya shekara biyar da ril mai araha bai ga wata matsala ba. Ya kama tarwada, ya kama karfasa, ya dawo gida ya jingine sanda a lungu. In ya yi wannan sakacin a Legas, kafin wata uku hannun ril ɗin ya soma ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Dalili kuwa, kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. A Bahar Maliya, inda 'yan uwanmu na Fot Sudan da Jidda suke, abin ya kai wajen giram 40. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, shi kuma ril an haɗa shi da ƙarafa iri-iri: jiki na alminiyam, kusoshi na ƙarfen da ba ya tsatsa, giya na tagulla ko na tutiya. Da zarar ƙarafa biyu mabambanta sun haɗu ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sun zama wani ɗan ƙaramin batir ke nan, ɗayan ya riƙa cinye ɗayan. Shi ya sa za ka ga farin gari na tsattsafowa a gefen kusa, fenti na kumbura.

Ko da ruwan ya bushe, magana ba ta ƙare ba. Gishirin yana nan a maƙale, yana kuma zuƙo danshi daga iska, ga shi iskar garuruwan bakin teku ba ta rabuwa da laima. Ril na ajiye a ɗaki amma ɓarna na ci gaba a cikinsa. Ka ƙara da yashi, wanda in ya cakuɗu da giris sai ya koma tamkar sanfefa.

Kada kuma ka ce ai ni a lagun nake, ruwan ba shi da gishiri sosai. Lagun ɗin Legas yana sauyawa: da damina ruwan koguna na rinjayarsa har ya kusa zama ruwan daɗi, da rani kuma teku ta turo gishiri ciki. Haka mashigar Volta a Ada Foah ta Gana, haka ta Wouri a Duwala, haka ta Bonny. Ka ɗauki duk waɗannan wurare a matsayin ruwan gishiri, ka huta.

Yawan boris: megafiksel ɗin masunta

Shiga kowane shagon intanet ka nemi ril. Abu na farko da za a nuna maka shi ne 12+1 ko 14+1, wani har 17+1. Wannan adadin boris ne da ke cikinsa. Lambar farko boris ne masu ƙwallaye da ke sa juyi ya yi santsi, ɗayan da aka ƙara kuwa shi ne mai hana hannu komawa baya.

Yanzu dubi waɗanda suka yi suna a ruwan gishiri. Penn Spinfisher VI yana da 5+1. Daiwa BG yana da 6+1. Kamfanin Penn tun 1932 yake ƙera ril a Filadelfiya ta Amurka, da ya ga boris goma sha huɗu na da amfani da bai bar wa masu araha su riga shi ba. Wuraren da ke buƙatar boris da gaske a cikin ril ba su da yawa: gefe biyu na babbar giya, kan ƙaramar giya, da 'yar tayar da zare ke bi ta kanta. In an wuce nan, yawanci cike gurbi ne don lamba ta yi kyau a talla.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Kowane boris ƙofa ce da tsatsa za ta iya shigowa. Boris goma sha huɗu na ƙarfe mara inganci, buɗaɗɗu, wurare goma sha huɗu ne da za su iya cijewa. Biyar na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu murfi ko robar toshiya, sun fi su nesa ba kusa ba. A shago kuwa mai goma sha huɗun ne zai fi santsi a hannu, domin an sa masa mai mara kauri kuma ba a toshe ko'ina ba. Santsin ranar saye ba ya gaya maka komai game da wata na shida.

Don haka tambayar da za ka yi ita ce: da wane irin ƙarfe aka yi boris ɗin, kuma a rufe suke? In tallar ta cika baki da adadi ta yi shiru a kan wannan, shirun ma amsa ce.

Lambar IP, wadda ka riga ka sani

A nan mai waya ya fi tsohon masunci fahimta. IP67 da IP68 da kake gani a bayanin wayoyi sun fito ne daga ma'aunin ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529, kuma masu ƙera ril sun soma amfani da shi. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. In ka ga X a gurbin ta farko, ba a bayyana gwajin ƙura ba ke nan.

IPX5 na nufin ya jure feshin ruwa daga tiyo. IPX6 feshi mai ƙarfi. IPX7 nutsewa har mita 1 na minti 30. IPX8 nutsewar da ta wuce haka, gwargwadon yadda kamfanin ya fayyace. Penn ya ba Spinfisher VI matsayin IPX5, Slammer III kuma IPX6. Shimano ya ce jikin Saragosa SW ya kai IPX8. Lura da kalmar jiki: wani lokaci gidan giya kawai ake nufi, ba dukan na'urar ba.

Sai dai da ruwan daɗi ake yin waɗannan gwaje-gwajen, ba da na teku ba, kuma kamfanonin waya sun ɗanɗana kuɗar wannan bambanci. A 2022 kotu a Ostireliya ta ci Samsung tarar dalar ƙasar miliyan 14 saboda tallace-tallacen da suka nuna cewa wasu wayoyin Galaxy za su iya shiga teku da wurin ninƙaya, alhali ramin caji na iya lalacewa in an jona caji yana jiƙe. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10 kan yadda ya tallata jure ruwan iPhone. Abin da ya faru da waya shi ke faruwa da ril: lambar IP tana rage shigar ruwa, ba ta ɗauke maka wanki.

Wace lamba kake buƙata? In a kan gada, ko dutse, ko gaɓar lagun kake tsayawa, feshi ne kawai zai same ka, IPX5 ya wadatar, kai har ril mai jikin ƙarfe da ba shi da lambar IP zai yi in kana kula da shi. In kuwa kai mai shiga cikin igiyar ruwa ne har ƙugu, inda ril zai riƙa nutsewa, to nan ne toshiya ta gaske ta zama dole. Akwai ril irin su Van Staal da aka ƙera musamman don masu irin wannan fatsar a gaɓar arewa maso gabashin Amurka, amma tsadarsu ta sa ba su ne maganar mai farawa ba.

Akwai wata fasaha mai burgewa da Daiwa ke kira Magsealed. Maimakon roba, ana amfani da wani mai ne mai ɗauke da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisu ya riƙe shi ya toshe kafar da ruwa zai bi. Asalin irin wannan man daga binciken hukumar NASA ne a shekarun 1960. Dabara ce mai kyau, amma ka tambayi kanka: ranar da man ya buƙaci sauyi, wa zai sauya maka shi a Badagry? A wurin wanda ke nesa da cibiyar gyara, ril mai sauƙin kwancewa da sukundireba da giris ya fi kwanciyar hankali.

Birki shi ne zuciyar ril

Kifin teku ba tarwadar kududdufi ba ne. A gaɓar Afirka ta Yamma akwai barakuda, akwai kuroka, akwai wanda 'yan Legas ke kira shaini-nos, akwai kuma tafon mai tsalle, wanda mafi girmansa da aka taɓa kamawa da sanda a tarihi, kusan kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003. Ba kullum za ka haɗu da irin wannan ba, amma ko kifi mai kilo biyar in ya fizgi zare a ruwa mai gudu, za ka san ka taɓo wani abu.

Aikin birki shi ne ya bar kwarkwaro ya saki zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi, don kada zaren ya tsinke. A cikin kwarkwaron akwai jerin washa da ke gogar juna, murfin da ke sama kuma shi kake murɗawa ka ƙara ko ka rage matsi. Masu araha suna amfani da washa na wani irin tsumma mai laushi da aka jiƙa da mai, waɗanda ke lotsewa in an matsa musu. Na ruwan gishiri masu kyau suna amfani da zaren kabon, wanda ke jure zafi da matsi. HT-100 da Penn ke rubutawa sunan irin nasa ke nan.

A nan ma akwai lambar ruɗi. Za ka ga ɗan ƙaramin ril an rubuta birkinsa ya kai kilo 20 ko 30. Ka ɗauka ma gaskiya ne, me za ka yi da shi? Ƙa'idar da masu fatsa suka daɗe a kai ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zare mai lamba fam 30 yana ɗaukar kusan kilo 13 da rabi, ka ga birkinsa bai wuce kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi ba. Mutumin da ke tsaye a kan dutse mai santsi ba zai so abin da ke jansa da kilo 15 ba, domin shi za a kama maimakon kifin.

Abin nema shi ne birki mai sakin zare sumul, ba mai cijewa ya saki ba. Yawancin zare a daidai fizgar farko yake tsinkewa, lokacin da birki ya ɗan maƙale kafin ya motsa. Gwajin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Zuba lita huɗu a jarka, ɗaura ta a zare kai tsaye daga ril, ka ɗaga a hankali kana sassauta murfin har jarkar ta soma sauka. In tana sauka a natse, birkin ya ci jarrabawa. In tana tsayawa tana zabura, ka san abin da zai faru ranar da babban kifi ya zo.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Lambobin girma irin su 3000, 4000, 6000 da 8000 ba ma'auni ɗaya ba ne a duk kamfanoni. Daiwa BG mai lamba 4000 ya fi Shimano mai lamba 4000 girma sosai. Don haka kada ka yi oda da wannan lambar kaɗai. Duba nauyin ril ɗin da giram, ka duba mita nawa na zare kwarkwaronsa ke ɗauka.

In a lagun ko mashigar kogi kake, kana jefa kifin roba kana janyowa ɗaruruwan lokuta a yini, nauyi abokin gabarka ne. Ril mai nauyin giram 280 zuwa 400, wanda zai ɗauki mita 200 ko fiye na saƙaƙƙen zare mai fam 20 zuwa 30, a kan sanda mai tsawon mita 2 da rabi zuwa 3, ya isa yawancin abin da za ka gamu da shi. A lissafin Shimano wannan shi ne 4000 zuwa 5000.

In kuwa a buɗaɗɗen bakin teku kake, irin na Lekki ko Badagry, kana so ka cilla dalma mai nauyi ta tsallake inda igiyar ruwa ke fashewa, to kana buƙatar sanda mai mita 3 da rabi zuwa 4 da kwarkwaro mai faɗi da zai ɗauki mita 300. Nan ne 6000 zuwa 8000 ke shigowa. Nauyinsa ba zai dame ka sosai ba tunda sandar a kafe take cikin bututu kana jira.

Wanda zai sayi guda ɗaya tak, ni dai na 5000 zan nuna masa. Ba zai gajiyar da hannu a lagun ba, ba kuma zai kunyata shi a bakin teku ba.

Sai lambar giya, kamar 5.2:1 ko 6.2:1. Ma'anarta ita ce sau nawa kan ril ke zagaya kwarkwaro in ka juya hannu sau ɗaya. Amma abin da ya shafe ka shi ne santimita nawa na zare ke shigowa, wannan kuwa ya danganta da faɗin kwarkwaro. Kwarkwaro mai faɗin santimita 5 da rabi, zagayensa ya kai wajen santimita 17. A giya 5.2 zai janyo kusan santimita 90, a 6.2 kuma kusan 107. Mai sauri ya fi dacewa da kifin roba da kifaye masu bin abu a guje, irin su barakuda. Mai jinkiri ya fi ƙarfin ja, kamar yadda giya ɗaya a mashin ta fi hawa tudu. Duk abin da ke tsakanin santimita 85 zuwa 100 zai yi maka aikin biyu.

Game da zare, saƙaƙƙe ya fi na nailan siranta a ƙarfi ɗaya, don haka ya fi nisan jifa kuma kwarkwaro ya fi ɗaukarsa da yawa. Amma yana da santsi, yakan zame a kan kwarkwaro gaba ɗaya har ka zaci birki ne ya lalace. Ka fara naɗa 'yan mitoci na nailan a ƙasa, sai dai in kwarkwaron ya zo da roba a tsakiyarsa. A gaba kuma ka ƙulla mita ɗaya ko biyu na zare mai kauri, saboda duwatsu da ɓawon kawa suna yanka saƙaƙƙe kamar reza.

Wane iri, kuma da me aka yi shi

Akwai ril mai rataye a ƙarƙashin sanda wanda kwarkwaronsa ba ya juyawa lokacin jifa, akwai kuma mai zama a sama wanda kwarkwaronsa ke juyawa. Na biyun yana da kyau a bidiyo, kuma ƙwararru na cin moriyarsa, amma in kwarkwaron ya fi zaren gudu sai komai ya cukurkuɗe, iskar bakin teku kuma tana ƙara dagula lamarin. Mai farawa ya ɗauki na ƙasa. Tsohuwar dabara ce da Alfred Illingworth ya yi wa rajista a Ingila tun 1905, kuma ba ta tsufa ba.

Jiki kuwa, roba mai tauri ba ta tsatsa kuma ba ta da nauyi, amma mai araharta tana lanƙwasa in an ja da ƙarfi, giya su goce daga layinsu su cinye haƙoran juna. Alminiyam da aka yi wa rufin kariya ya fi tsayawa ƙyam, sai dai yana son wanki. Maganiziyam ya fi alminiyam sauƙin nauyi, shi ya sa ake sa shi a wasu ril masu tsada, amma in fentinsa ya kwarzane gishiri ba ya raga masa. Ga mai fatsa a kan duwatsu inda ril ke buguwa, alminiyam ne zaɓina. A shago ka riƙe ƙafar ril da hannu ɗaya, ka ɗan murɗa jikinsa da ɗayan. In ka ji yana bayarwa, mayar musu da abinsu.

Masu cewa a sayi mai araha a yar

Wannan hujja ba ta banza ba ce. Wanda zai je Tarkwa Bay sau biyu a shekara don shaƙatawa, babu dalilin da zai sa ya kashe kuɗin sabuwar waya a kan ril. Masuntan da ke ciyar da iyalansu a waɗannan ruwaye ma da yawansu da taru da zaren hannu suke aiki, ba su taɓa riƙe ril ba. In kai ɗan gani-da-ido ne, sayi mai araha, ka wanke shi, ka more.

Amma wanda ya san duk ƙarshen mako yana bakin ruwa, lissafinsa daban ne. Ril uku masu araha a shekara ɗaya, da kuɗin kawo su, da zaren da ake asara kowane karo, sun kai kuɗin guda ɗaya na matsakaicin aji da zai yi shekaru. Kuma mai araha ba ya mutuwa a gida. A daidai lokacin da kifin da ka shekara kana jira ya kama ƙugiya, a nan yake cijewa. Araha ba ta ado.

Haka nan ban goyi bayan a zarce zuwa na ƙololuwa ba. Shimano Stella SW da Daiwa Saltiga an yi su ne don manyan kifayen tsakiyar teku da ake bi da jirgi. A gaɓar lagun, kuɗin da ya rage ya fi amfani in an sa shi a sanda mai kyau, zare na gaskiya, da takalmin da ba ya zamewa. Tsakiya ita ce wurin zama: ajin su Penn Battle, Spinfisher da Daiwa BG, ko wani da ya cika sharuɗɗa ukun nan ko da sunansa bai yi tashe ba.

Sa wayarka ta yi maka bincike

Kafin ka tura kuɗi, nemi zanen kayan cikin ril ɗin a intanet. Kamfanonin kirki suna wallafa zanen da ke nuna kowane ɓangare da lambarsa. In babu zane, da wuya a samu kayan gyara, in kuwa babu kayan gyara, ɗan sifirin guda zai iya kashe dukan na'urar. Sauke zanen ka ajiye a waya.

Bidiyon buɗe kwali ba shi da amfani a nan. Nemi na waɗanda suka kwance ril bayan wata shida ko shekara a teku. A wurin sharhin masu saye kuma, tsallake masu tauraro biyar da aka rubuta ranar da kaya ya iso, ka karanta masu tauraro ɗaya da biyu.

Jabu ma na nan, kamar yadda yake a kasuwar caja da abin sauraro. In ka ga sanannen suna a rabin farashinsa, ka gwada nauyin da aka rubuta da wanda ke shafin kamfanin, ka duba rubutun sunan harafi-harafi. In na hannu za ka saya, cire kwarkwaro ka leƙa ƙarƙashinsa, ka juya 'yar tayar zare da tsinke. In ta cije, mai shi bai san wanki ba.

Ka kuma sauke manhajar da ke nuna lokutan cikowa da janyewar teku. A mashigar kogi kifi ya fi ci lokacin da ruwa ke motsi, kuma sanin lokacin cikowa zai hana ruwa ya rutsa da kai a kan dutse. Gaɓar Atilantika tana da ruwa mai ja da baya wanda ya sha cin gwanayen iyo. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka ba teku baya.

Minti biyar bayan an dawo

Ko wane ril ka saya, wannan ne zai tsawaita ransa. Ka matse murfin birki don kada ruwa ya shiga washa. Ka zuba masa ruwan daɗi a hankali, kamar yayyafi, ko ledar fiya-wata ɗaya ta isa. Kada ka tsoma shi a bokiti, kada ka sa masa tiyo mai ƙarfi, domin hakan tura gishirin ciki yake yi. Ka goge, ka bar shi ya sha iska a inuwa, sannan ka sassauta birkin kafin ka ajiye. Lokaci-lokaci ka ɗiga mai a tayar zare da mariƙin hannu. Man feshin kwance tsatsa kuwa kada ya shiga gidan giya, yana wanke giris. A bakin ruwa kuma, ril ba ya kwanciya a yashi ko da na daƙiƙa ɗaya ne.

Ril na matsakaicin aji da ake yi wa wannan hidimar zai binne mai tsadar da aka jefa a but ɗin mota da gishirinsa. Don haka ranar da ka buɗe manhajar sayayya, ka bar 17+1 da kilo 30 su wuce. Tambayi ƙarfen boris, tambayi toshiya, tambayi irin washan birki, ka nemi zanen kayan gyara. Wanda ya amsa maka waɗannan, shi ya cancanci kuɗinka.